Shafe Biyu a Gashin Goggo

Duk wanda ya taɓa ba Mai Fenti aiki ya san dokarsa: ba ya faci. Ko tabo ɗaya yaro ya yi wa bango da gawayi, ba zai shafe wurin kaɗai ya kama gabansa ba. Sai ya bi bangon nan daga kusurwa zuwa kusurwa, ya jira ya sha iska, ya sake bi. Shafe biyu, in ji shi, shi ne mutuncin aiki. Masu gida su yi ta mita, shi ko a jikinsa, kuma in ya gama su ne na farkon kiran maƙwabta su zo su gani.

Wannan dokar ce ya ɗauko kacokan ya ɗora a kan matarsa, wadda duk layin ke kira Goggo, shi kaɗai yake ce mata Amarya ko da yake autarsu ma ta yi aure har ta haihu. Abin ya samo asali ne tun ranar da Goggo ta fara ganin furfura a gaban goshinta. Ta sayo kwalin rini, ta zauna gaban madubi tana dangwalawa da tsohon buroshin haƙori, sai ga shi ya dawo daga aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonta kamar an mare shi. Ya ce a gidan mai fenti ba za a yi wannan ƙazamin aiki ba yana raye. Ya wanke hannu, ya zaro wani ɗan sabon buroshi da bai taɓa shiga gwangwani ba, ya zaunar da ita a kujerar tsuguno, ya tsaya a bayanta.

Takardar da ke cikin kwalin ta faɗa ƙarara cewa sabon tsiro kawai ake shafa wa, wato gindin gashi inda farin ya fito. Goggo ta karanta masa. Ya ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa riƙe buroshi ba, ai abin da yake nufi faci ne. Saboda haka ya bi gashin daga gindi har jela, aka wanke, ya bushe, ya sake bi. Haka aka ci gaba duk wata. Kuma a gaskiya shekarun farko abin ya yi kyau, baƙi wuluk, sumul, ko sili ɗaya ba ya tsere masa. Goggo takan zauna ta lumshe ido, tana jin sanyin rinin a fatar kanta, shi kuma yana ba ta labarin gidajen da ya shiga da rowar masu su.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Kamar da wasa ta fara. Yau ya ce fitila ba ta da haske, gobe ya ce masu yin fenti sun lalace, farinsu ya koma ruwan ƙasa. Ranar da abin ya fito fili, falon wani mutum ya shafa, bango biyu ruwan madara, bango biyu ruwan ƙwai, yana rantsuwa launi ɗaya ne. Mai gidan bai yi masa faɗa ba, godiya ma ya yi, washegari ya kira wani ya sake. Wannan shirun ya fi zagi yi wa Mai Fenti ciwo. Ya yi kwanaki abinci ba ya wuce masa, in an yi magana sai ya ce ba komai. Daga nan waya ta daina ƙara, tsaninsa ya koma wurin shanyar kayan jikoki, aikin da ya rage masa a duniya shi ne kan Goggo.

Bai yi wasa da shi ba kuwa. In ranar ta zo sai ya sa tsohuwar rigar aikinsa mai ɗigon fenti, ya lallaɓa da sandarsa zuwa kanti ya zaɓo kwali da kansa, don a cewarsa mai sana'a ba ya aike a sayo masa kayan aiki. Kwalayen kuwa duk girmansu ɗaya. Wani watan ya dawo da baƙi, wani watan mai ja-ja, wani watan ruwan ƙasa. Goggo tana gani, ta ja bakinta ta tsuke. Ya yi aikinsa da lalube, shafe biyu kamar yadda ya saba, in ya gama ya goge hannu ya tambaye ta yadda ya fita. Ita kuma ta dubi madubi ta ce masa kamar kullum.

Abin da ke cikin madubin ba ya faɗuwa. Jelar gashin ta sha rini har ta gaji, ta yi baƙin gindin tukunya, ta bushe, in an sa mataji sai ta riƙa kakkaryewa tana zuba a cinya. Tsakiya ja a nan, ruwan ƙasa a can, layi-layi. Sama kuma, inda ya kamata a ce rinin ya fi zama, nan ne buroshi ke tsallake wurare, furfura ta leƙo tsibi-tsibi. Goggo ta daina zuwa wurin mai kitso, don ta san bakin mata. Da kanta take raba shi biyu ta kitse da lalube, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ba ta taɓa jin haushinsa ba. In tana zaune a gabansa, tana jin yadda numfashinsa ke daidaita, muryarsa ta koma irin ta da, sai ta ga ai gashi ba wani abu ba ne.

Ana nan sai Auta ta matsa, ta kai mahaifinta asibitin ido. Likita ya duba ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi, za a cire yanar ido ɗaya tukuna, washegari a buɗe, zai gani. Aka sa rana a mako mai zuwa. Mai Fenti ya dawo gida bakinsa har kunne. Auta ta tsokane shi, ta ce to Baba, wa za ka fara kallo, ni ko jikokinka? Ya ce su yi haƙuri su bi layi.

"Aikina zan fara gani," in ji shi, ya juya inda yake jin motsin matarsa. "Shekarun nan ina yi ba na gani. Amarya, ke ce farko."

Auta ta yi dariya. Goggo ma ta yi, amma ta yaƙe ce. Ta san mijinta. Mutumin da bangon wani ya hana shi cin abinci, ina ga ya buɗe ido ya tarar aikin da ya riƙe shi a raye duk shekarun nan kwaɓa ce, kuma matarsa ce ke yawo da ita a ka? Tsoro ya kama ta sosai. Ba ta so ranar da aka mayar masa da ido ta zama ranar da za a ƙwace masa ɗan abin da ya rage yana taƙama da shi.

Washegari ta ce za ta dubiya, ta shiga mota ta tafi wata unguwa inda ba a san ta ba. Shagon gyaran gashin da aka yi mata kwatance ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran waya. Kujeru biyu, dogon madubi mai tsaga a gefe, kwanon wanke kai, fanka tana juyi tana kaɗa hotunan kitso da aka manna a bango. Mai shagon wata mata ce siririya, da ƙyar ta girmi Auta, ana kiranta Sannu-Sannu, don ko gobara ake ba za ta ɗaga hannu daga kan da take yi ba sai ta gama. Goggo ta zauna a benci ta ƙi yarda a taɓa ta, sai da mace ta ƙarshe ta fita. Sannan ta roƙi a saki labule, ta kwance ɗankwali, ta warware kitson.

Sannu-Sannu ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salati ba, abin da ya sa Goggo ta ji ta kwanta mata ke nan. Ta ɗauki tsinke tana tsaga gashin, tana ɗagawa, tana murzawa tsakanin yatsu. Can ta tambayi wanda ke yi mata rini. Goggo ta ce maigidanta ne. Ta tambayi sana'arsa. Goggo ta faɗa.

"Daga sama har ƙasa yake bi ko, Mama?"

"Sau biyu," in ji Goggo.

Sannu-Sannu ta gyaɗa kai, ta ce lallai mutum ne mai tsoron Allah a aikinsa, don ba ta taɓa ganin gashin da aka yi wa ɓarna da irin wannan kulawa ba. Goggo ta rasa ko yabo ne ko zagi, sai kawai ta zayyana mata komai, har da maganar asibiti. Buƙatarta ɗaya ce: a mayar da kan nan baƙi ɗaya, yau ɗin nan.

Sannu-Sannu ta ce ai ƙarin rinin ne ya kawo su nan. Ta yi mata bayani a hankali, tana nuna mata a madubi. Jela ta sha rini shekara da shekaru, ta cika, ta toshe, ko man shafawa ba ya shigarta. Gindi kuma sabo ne, bai sha komai ba. In aka zuba musu baƙi ɗaya, ba za su karɓa daidai ba, jelar ma ƙara mutuwa za ta yi. Sai an fara fitar da tsohon. Goggo ta ce to ta ji ana maganar wata farar hoda da ke cinye launi a zama ɗaya, a sa mata ita. Sannu-Sannu ba ta yi musu ba. Ta yanko 'yan silalla daga jelar, ta kwaɓa hodar a murfin kwalba, ta tsoma su, ta je ta share shago. Da ta dawo ta ɗauraye su ta miƙa wa Goggo ta ce ta ja. Goggo ta ja. Gashin ya miƙe kamar cingam, ya ci gaba da miƙewa, sannan ya rabu biyu ba tare da ko ƙara ba, ya manne mata a yatsa.

"Haka kanki zai zama gaba ɗaya in na biye miki," in ji Sannu-Sannu. "Ni ba na ƙona gashi don sauri. In kin yarda mu bi a hankali, ki zauna. In ba ki yarda ba, ga ɗankwalinki."

Goggo ta zauna.

Aka fara da mai mai ɗumi, aka bi gashin da shi sashe-sashe. Da aka zo ƙeya, Sannu-Sannu ta ɗan tsaya, ta ware wani ɗan sashe ta nannaɗe shi a leda ta maƙale gefe. Aka wanke da wani shamfu mai ƙarfi. Sannan aka kawo maganin da ke saki tsohon rini ba tare da ya ci gashin ba, wanda warinsa kaɗai ya isa ya kori baƙo, wari ne na ruɓaɓɓen ƙwai sak. Aka shafa shi inda baƙin ya fi kauri, aka bar gindi, aka rufe da hular leda. Goggo ta zauna idonta na hawaye, mai ɗinki na maƙwabta yana tambaya ta bango ko wani abu ne ya mutu.

Wurin ɗauraya ne abin mamaki ya faru. Sannu-Sannu ta ce wannan ɗaurayar ita ce rabin aikin, in aka gajarta ta baƙin komawa yake yi, don haka ta sa Goggo ta sunkuya a kan kwanon ta saki ruwan ɗumi. Goggo tana kallon ruwan na bi ta gefen fuskarta yana zuba. Da farko baƙi ne kamar an wanke gawayi. Aka daɗe a haka. Sai ya fara sauyawa, ya koma ruwan ƙasa mai duhu, ya koma ruwan shayi, can sai ga wani ja-ja yana bin farin kwanon yana juyawa kafin ya shige rami. Bayanta ya ƙage, wuyanta ya yi tsami, amma ta kasa ɗauke ido. Duk wannan a kanta yake? Duk wannan ta ɗauka ta je kasuwa da shi, ta yi barci da shi, ta yi goyon jikoki da shi? Ta tuna hannun da ya shafa kowane ɗigo, wata bayan wata. Ruwan nan bai ƙare ba sai da tankin shagon ya kusa ƙarewa.

Aka shafa man laushi mai kauri, aka bar shi ya jiƙa, aka ɗauraye, aka busar da iska mai sanyi. Da Goggo ta ɗaga kai ta dubi madubi, sai ta riƙe baki. Kan bai zama launi ɗaya ba, ko kusa. Amma baƙin nan mai kama da kwalta ya saki, abubuwan da ya danne sun fito. Ga ruwan jan ƙarfe, ga ruwan zuma, ga wani duhu-duhu mai sheƙi, suna bin juna daga sama zuwa ƙasa. Ba ta taɓa sanin baƙi yana da 'ya'ya haka a cikinsa ba. Ta kai hannu ta taɓa, ta ji gashin ya lanƙwasa a yatsunta maimakon ya karye, abin da ta manta rabonta da ji.

Sannan Sannu-Sannu ta ce akwai abin da take so ta nuna mata. Ta kwance ledar nan ta ƙeya, ta ba Goggo ƙaramin madubi, ta juya kujerar. A can ƙasan ƙeya, ta hagu, wani sashe ne mai kaurin ɗan yatsa, fari tas daga gindi har jela. Ba farin toka ba, fari mai ƙyalli irin na sabon cokali, kuma ya fi duk sauran gashin tsawo, don shi bai taɓa karyewa ba. Sannu-Sannu ta kwanto shi a tafin hannunta tana shafawa. Ta ce tun da take sana'ar nan ba ta taɓa ganin irinsa ba, rini bai taɓa wurin nan ba shekara da shekaru, alhali hagu da damansa duk sun sha. Ta ce in tsallake ne na makanta, ai ba zai riƙa faɗawa wuri ɗaya kullum ba. Goggo ta ce ita ma ba ta sani ba. Kallonsa kawai take yi. Tun da ta fara furfura take ɓoye ta, ba ta taɓa ba ta dama ta ga kamanninta ba, ashe haka Allah ya yi mata.

Da ta koma gida, tun daga ƙofa Mai Fenti ya ɗaga hanci. Ido ne ya tafi, hanci na nan daram. Ya tambayi abin da ke wari haka. Goggo ta ce kwata ce ta toshe. Bawan Allah ya wuni yana jan bokiti yana kwarara wa kwata ruwa, yana faɗan maƙwabta masu zuba shara, ita kuwa tana kicin kunya kamar ta nutse.

Ana jibi za a yi aikin idon ta koma shagon. Aka sake bi, baƙin ya ƙara saki, jelar da ta riga ta mutu aka datse ta kaɗan. Kan ya yi kyau fiye da da, amma duk mai ido zai ga layi-layin nan, balle mai fenti. Goggo ta roƙa a yi na uku gobe. Sannu-Sannu ta ce a'a, gashin na buƙatar hutu da mai na 'yan makonni, sai ya dawo da ƙarfinsa sannan a daidaita launin da abu mai sauƙi. Goggo ta ce to ko farin nan na ƙeya a shafe mata shi, don shi ne zai fi tona asiri, mutumin da ke alfaharin ko sili ba ya tsere masa. Sannu-Sannu ta ce hannunta ba zai iya ba, shi kaɗai ne lafiyayyen gashi a kan. Goggo ta fusata ta ce to a yanke. Sai yarinyar nan ta ɗauko almakashi ta ɗora mata a cinya, ta zagayo da farin gashin ta kafaɗarta, ta koma gefe ta harɗe hannu.

Goggo ta ɗauki almakashin. Ta buɗe shi, ta sa gashin a tsakani. Ta daɗe a haka, fanka na kaɗa silallan suna ƙyalli. Daga ƙarshe ta ajiye, ta ce almakashin ma ba shi da kaifi. Ta tura farin cikin kitso ta ɓoye, ta ɗaure ɗankwali, ta fito ba ta san abin da za ta yi ba.

Aka yi aiki lafiya. Washegari da safe, a wani ɗaki mai tagogi manya, likita ya ɓare filastar a hankali. Mai Fenti ya ƙifta ido, ya ƙifta, hawaye na zuba. Bai dubi kowa ba. Rigar ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye gabansa ya ƙura wa ido, har matar ta tsargu.

"Ashe fari bai lalace ba," ya faɗa a hankali. "Ni ne."

A mota kuwa ba a samu zaman lafiya ba. An sa masa baƙin tabarau, yana ɗagawa yana leƙe, Auta na mayar masa. Ya ga sama, ya ce shi dai bai san wanda zai iya haɗa wannan shuɗin ba. Ya ga lemo a kan tire, ya ga ganyen bishiya, ya ga jar hular wata yarinya, kowanne sai ya kira sunan launinsa kamar mai gaishe da tsofaffin abokai. Tsakanin haka kuma bai fasa hali ba, duk bangon da aka wuce sai ya ce shafe ɗaya ne, dubi faci. Goggo tana gefensa, farin ciki ya cika ta har wuya, tsoro kuma na zaune a kan farin cikin. Da ya juyo ya dube ta, ya daɗe yana kallon fuskarta, ya ce ta tsufa amma ba laifi. Idonsa ya hau kan ɗankwalin, ta yi sauri ta nuna masa wata mota mai ruwan ganye.

A gida ta yi ta kewaye-kewaye. Ta kawo abinci, ta ɗiga masa magani, ta ce likita ya ce ya kwanta. Ya bi duk abin da ta ce. Da la'asar Auta ta tafi, gidan ya yi tsit. Sai ga shi ya fito da kujerar tsugunon nan da kansa, ya ajiye ta gaban taga inda rana ke shigowa.

"Amarya, zo ki zauna. Cire ɗankwalin nan."

Ba sauran dabara. Ta zauna ta ba shi baya, ta kwance, ta warware kitson, sai dai ta bar farin a dunƙule a ƙarƙashi. Ta ji ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ta ji yatsunsa suna ɗaga gashin, suna bi layi bayan layi, yadda yake yi wa tsohon bango in yana so ya san sau nawa aka shafe shi. Ya ce wannan ja ne. Ya ce wannan kuma ba a gauraya shi da kyau ba. Ya ce nan an tsallake, nan ma, nan ma. Muryarsa tana ƙanƙancewa da kowace kalma. Can ya ce an wanke wannan kan da wani abu, kwanan nan. Goggo ta ce e, ba kwata ba ce. Ta faɗa masa komai, har da cingam da warin ƙwai, ban da farin nan na ƙeya. Ya tambaya ko kafin wankin ya fi haka muni. Ta ce ya fi.

"Kika bar ni ina yi."

"In na hana ka, Malam, me za ka tashi ka yi da safe?"

Ta ji hannunsa ya saki gashin, ya yi nauyi a kafaɗarta, sai zuciyarta ta karye, don abin da ta guda ne ya same ta. Ta sunkuyar da kai za ta share ido. Sunkuyawar nan ce ta sa dunƙulen ƙeya ya warware, farin gashin ya sulalo ya kwanta a bayanta, cikin rana.

Ta ji ya ja numfashi. Ya ɗago shi a tafin hannu, ya matsa da shi kusa da taga har sai da ta karkata kai. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ya ce ya yi shekaru yana haɗa fari, da mai sheƙi da marar sheƙi, bai taɓa samun wannan ba, wane magani yarinyar ta sa? Goggo ta ce ba a sa komai ba, nata ne, wurin ne rini ya yi shekaru bai je ba. Nan take tsohon halin ya motsa. Ya ce ba zai yiwu ba. Tsallake a nan da can ya yarda, ido ne, amma a ce ya bar wuri ɗaya shekara da shekaru? Shi da yake da tsari? Ya ce ta tsaya ya nuna mata yadda yake bi, ta gani in akwai inda zai kuskure.

Ya gyara tsayuwa a bayanta. Ya rufe ido, don a haka hannunsa ya san hanya. Hannun dama ya tashi sama kamar yana riƙe da buroshi. Na hagu kuma ya gangara da kansa zuwa ƙasan ƙeyarta, ya laluba, ɗan yatsansa ya naɗe wani sashe sau biyu ya riƙe gam. Goggo ta san wannan riƙon. Duk wata tana jin ɗan jan nan a ƙeyarta, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Hannun daman ya tsaya a sama. Mai Fenti ya buɗe ido ya dubi na hagu. Farin gashin ne naɗe a yatsansa, daga gindi, ba sili ɗaya na wani launi a ciki.

Da ya yi magana, da ƙyar ta ji shi. Ya ce tun da ya daina gani yake tsoron ya ɓace a kanta, ya rasa inda ya fara da inda ya tsaya. Shi ya sa yake kama nan da hannu ɗaya, yadda mutum ke riƙe tsani, daga nan yake auna ko'ina, kuma ba ya saki sai ya ajiye buroshi. Bai taɓa tunanin abin da ke cikin hannun ba.

Goggo ta kasa juyowa. Hawaye na bin fuskarta, ba ta share ba.

Ya warware gashin daga yatsansa a hankali, ya shimfiɗa shi a kan sauran, fari a kan ja da baƙi da ruwan zuma, ya ja da baya kaɗan yana dubawa da idon nan guda, kai a karkace, yadda yake duba aikin wani. Tun da take da shi ba ta taɓa jin ya yaba aikin da ba nasa ba.

"Wanda ya yi wannan ya fi ni hannu," in ji shi. "Kada a sake shafa komai a kai. A bar shi ya gama aikinsa, ina so in ga sauran."

Sannan ya tambaye ta man da yarinyar ta ce a riƙa shafawa, da yadda ake ɗumama shi. Ta nuna masa kwalbar a kan taga. Ya ɗauko da kansa, ba tare da lalube ba, ya zuba kaɗan a tafin hannu, ya fara daga jela inda ya fi bushewa.